Rauta daban, fulogi daban, layin haske daban: za su ji maganar juna kuwa?

Ɗan Kwangila:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu aikin faiba da masu rauta ku matso kusa, ina cikin wani hali.

Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin sayar da intanet nan Zariya, muna ba makarantu da asibitocin kuɗi da 'yan ofisoshi sabis tun daga Samaru zuwa Sabon Gari har cikin birni, kuma daga Kaduna muke ɗauko datanmu. Yadda abin yake a yanzu rautarmu, wato na'urar da ke raba data hanya-hanya, tana miƙa ma wani akwatin transfonda, shi ke mai da abin kalar haske ya hau layin DWDM, mai ɗaukar kalolin haske da yawa a faiba ɗaya, na masu faibar da muke haya, can Kaduna wani transfondan ya sauke ya miƙa ma rauta. Akwati huɗu kenan a hanya ɗaya, kowanne da wutar da yake sha da lasisinsa da kuɗin kulawa da ake biya da dala.

To oga ya je wani taro Legas ya dawo mana da sabuwar waƙa, wai an daina yayin transfonda, yanzu akwai ɗan fulogi da bai wuce tsawon yatsa da rabi ba da ake cusawa cikin rauta kai tsaye shi ya fitar da kalar da kansa, 400ZR ko ZR+ yake kiransa, ya ce in rubuta takardar sayen kaya kafin ƙarshen wata. Ni kuma abin da ke hana ni barci, rautarmu ta nan ta kamfani ɗaya ce, ta Kaduna ta abokan hulɗarmu ce ta wani kamfanin, layin hasken na kamfani na uku, fulogin da dillali ya kawo mana farashinsa kuma na huɗu. Dillalin cewa yake ƙa'ida ɗaya ce duk duniya, cusawa kawai za ka yi ya kama. Haka wani ya taɓa ce min a kan ƙananan fulogin haske SFP na 10G, na sayo guda takwas rauta ta ce bata san su ba, suna nan cikin durowa har yau. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ai sai ya gudu.

Wace ƙa'ida zan rubuta a takardar nan yadda gobe ba wanda zai ce min ba laifin kayansa bane? Kuma akwai wanda ya taɓa haɗa irin wannan gauraye ya yi aiki? Faibar dai na'urar auna ta, OTDR, ta nuna kilomita 92, asarar haske wajen 28 dB saboda yawan joyin da aka yi mata.

Baba Transmishan:

Wa alaikumus salam. Yaro ka yi tambaya mai kyau, kuma ka kyauta da ka kawo lambobin, galibi sai an yi ta jan mutum kafin ya faɗa.

Dillalinka bai yi ƙarya ba amma rabin magana ya gaya maka. Wurin haɗuwa uku ne a aikin nan, fulogi da fulogi, fulogi da layin haske, sai fulogi da rautar da aka cusa shi ciki. Shi na farko kaɗai yake magana a kai, kuma a nan ɗin yana da gaskiya. 400ZR yarjejeniya ce ta ƙungiyar kamfanonin sadarwar haske OIF da ta fito a 2020, an ƙayyade komai, salon ɗora data kan haske 16QAM, gudu kusan gigabod 60 wato alama biliyan 60 a daƙiƙa, hanyar gyaran kuskure guda ɗaya da ake kira CFEC, ba zaɓi ba kwaskwarima, shi yasa fulogin wannan kamfani ke jin na wancan ba gardama. Amma ka san don wa aka yi shi? Don manyan masu rumbun data da ke son haɗa gini biyu a gari ɗaya, iyakarsa kilomita 120 kuma da amfilifaya mai ƙara ma haske ƙarfi. In babu amfilifaya asarar da zai iya ɗauka 11 dB ce kacal. Kai kana da 28. Ka ga tun daga nan zancen cusawa kawai ya mutu, dole ka bi ta layin masu faibar ko ka sa amfilifaya naka kai da ƙafa.

OpenZR+ kuma wata yarjejeniyar ce daban ta haɗakar kamfanoni, sun ɗauki tsarin 400ZR suka sa mashi salon gyaran kuskure na oFEC wanda suka aro daga yarjejeniyar OpenROADM, ya fi ƙarfin gyara, kuma yana iya sauka 300G, 200G har 100G in hanya bata da kyau, in ya sauka kuma ya ƙara nisa. Ga inda ake cutar mutane: kalmar ZR+ ita kaɗai ba ƙa'ida bace, sunan talla ne. Kamfani zai rubuta ZR+ a kwali alhali salon da yake kai nisan da ya yi maka alkawari nasa ne na gida, ba ya magana sai da ɗan uwansa. Ka rubuta OpenZR+ cikakke, ka rubuta wane salo, kuma ka tabbatar kai biyun salo ɗaya aka sa su, dan in na Zariya yana CFEC na Kaduna yana oFEC za ka ga haske na isowa lafiya lau amma layi ba zai tashi ba ko za ku kwana a kai.

Na biyun, fulogi da layin haske, shi ne inda na fi jin tsoro maka. Kafin ka sayi ko allura ka je ka tambayi masu layin wane irin rabon tashoshi gare su. Tsarin G.694.1 na hukumar sadarwa ta duniya ITU ne kowa ke bi, ana ƙirga daga 193.1 THz, amma tsofaffin layuka da yawa an yanka su ne 50 GHz 50 GHz ƙafaffe, tasha 96. Siginar da ke gudun gigabod 60 bata shiga ramin 50, sai 75 ko 100, ko layi mai sassauci da ake yanka shi da ninkin 12.5. In nasu ƙafaffen 50 ne to 400G ya fita daga lissafi gaba ɗaya, ba wata ƙa'ida da za ta cece ka. Sannan ƙarfin fita. Fulogin 400ZR na asali yana fitowa ne wajen -10 dBm, transfondan da aka gina tsofaffin ROADM, na'urorin ɗora kala da sauke ta a layi, dominsu kuwa kusa da 0 suke fitowa, sai ka ga hasken naka ya shiga a raunane maƙwabtansa sun danne shi, OSNR, wato tazarar ƙarfin sigina da hayaniya, ya faɗi, shi kuma 400ZR yana son 26 dB a wajen karɓa. Akwai fulogi masu ƙarfin 0 dBm yanzu, sun fi tsada sun fi zafi, amma ga tsohon layi su ne magani.

Kuma ka sani a wajen masu layin kai baƙon kala ne, haka ma ake kiransa a sana'ar. ITU ta yi tanadin irin wannan tun a G.698.2, wato mai aikawa da mai karɓa na wani, layi na wani. Takarda ta yarda. Amma mai layi zai iya cewa shi bai yarda ba, ko ya yarda ya ce ba ruwansa da ingancin abin da bai fito daga akwatinsa ba, kuma in ka duba bai yi rashin adalci ba tunda baya ganin cikin fulogin naka.

Mu da muka fara da tsohon tsarin SDH zamanin NITEL, STM-1 mai megabit 155 muke ɗauka kamar mun kama zaki, yau ga yaro na neman 400G a abu kamar karan sigari. Allah mai iko.

Mai Katafila:

Hhhh Baba duk wannan lissafin naka katafila ɗaya ce maganinsa. Ku sa 400ZR ku sa 800ZR ma tunda an ce shima ya fito, ranar da masu aikin titi suka kafa haƙori tsakanin Jaji da Zariya duk ƙa'idojin duniya hutu za su tafi. Ɗan Kwangila tsakani da Allah kwastomominku nawa ne da har kuke neman 400G? Ko dai oga ya ga abin a allo ne ya burge shi

'Yar Kongo:

Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗora a kan na ukun da ka bari, fulogi da rauta, tunda nan ne ɓangarena, ni mutuniyar rauta ce.

Ɗan uwa abin da ya same ka da SFP ɗin nan shi zai sake samunka in baka yi hattara ba, wannan karon ma ya fi ciwo. SFP na 10G ba shi da wata magana da rauta, a kunna shi a karanta ƙarfin haske shikenan. Wannan kuwa transfonda ne sukutum aka matse cikin ɗan fulogi samfurin QSFP-DD, dole rauta ta gaya mashi wace kala zai kama, da wane ƙarfi zai fita, wane salo zai yi, shi kuma ya riƙa dawo mata da rahoton kuskure da OSNR da sauransu. Yaren da suke wannan hirar shi ne CMIS, da ƙarinsa na irin waɗannan fulogi C-CMIS, duk suna hannun OIF yanzu. Matsalar ita ce CMIS ɗin bugu-bugu ne, akwai na 4 akwai na 5, kuma ko bugun ya zo ɗaya sai manhajar rautar ta san salon da kake so. Na taɓa ganin inda rauta ta karɓi fulogi ta nuna sunansa da lambarsa tsaf, aka ce ta sauke shi 200G ta ce bata san da wannan ba, 400G kaɗai take gani, sai da aka ɗaga manhaja aka sake kunna rautar da tsakar dare. Wasu kamfanonin kuma ko sun bari fulogin baƙo ya yi aiki, ranar da ka buɗe tikiti abu na farko da za su ce ka cire shi ka sa nasu tukuna.

Sai zafi, wanda ba wanda ke faɗa a taron Legas. Fulogin nan guda ɗaya yana shan wat 15 zuwa 20, masu ƙarfin ma su haura, ba kowane rami na rauta ke iya ba shi wannan wutar ba, wasu rautocin ramuka ƙalilan aka ware mashi. Yanzu ka tuna ɗakin injinku a watan Afrilu, NEPA ta ɗauke, janareto na tari, esi ya tsaya inbata na riƙe rauta kaɗai, ga ƙurar hunturun da ta wuce ta toshe matatar iska ba wanda ya wanke. Jikin fulogin yana kaiwa wajen digiri 70 zuwa 75 zai fara ƙorafi daga nan ya kashe kansa. Da transfonda ne a akwatinsa da fankarsa, wannan zafin ba a hancin rautarka yake ba.

Amma kar ka ce ina kushe abin, ni ina sonsa wlh, dan akwai abin da yake ba ka wanda da baka da shi. Da can in faiba ta fara lalacewa transfonda ne ke gani, rauta bata san komai ba sai layi ya mutu sannan BFD, mai gadin da ke duba ko layi na da rai, ya farga a juya hanya. Yanzu rautar da kanta tana ganin yawan kuskure kafin gyara yana hawa, za ka iya sa mata iyaka ta kwashe kaya zuwa wata hanyar tun layin bai faɗi ba, kwastoma ko ƙiftawa ba zai gani ba. Ga faibar da aka yi ma joyin rututu irin taku wannan ba ƙaramin abu bane.

Maganar Mai Katafila kuma da wasa ya yi ta amma akwai gaskiya ciki. Rauta makauniya ce game da ƙasa. Ka hayi kala biyu daga kamfani biyu, tsarin zaɓen hanya na rauta, OSPF ko IS-IS, na ganin hanya biyu, kana ta murna kana da madadi, ashe duk biyun bututu ɗaya suka bi a gefen titi ɗaya. Akwai SRLG da aka tanada dan haka, ka yi ma hanyoyin da ke raba haɗari ɗaya lamba ɗaya rauta ta guje ma haɗa su, to amma wa zai gaya mata? A ƙasar nan da hannu ake sawa, bayan ka roƙi taswirar hanya daga masu faiba, in sun ba ka. Abin da ya faru a teku ranar 14 ga Maris 2024 ai shi ne babban misalin, igiyoyin faiba na ƙarƙashin teku WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka katse rana ɗaya ta wajen gaɓar Kodebuwa, mutane da yawa da suke ganin sun raba ƙafa sai ga shi ƙafafun duk rami ɗaya suke.

Ɗan Kwangila:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Baba na kira injiniyan masu layin ɗazu bayan la'asar, ya ce nasu 50 GHz ne ƙafaffe daga Kaduna har Kano, ba ranar canzawa. Kenan 400G ya sha ruwa. Mai Katafila kuma ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, gaskiya ko lokacin da ɗalibai suka dawo gari ya cika bama cika 20G.

Yaya 'Yar Kongo wani abu kuma, oga yana ta maganar wai za a samu kwantirola ɗaya da zai riƙa ganin rauta da layin haske gaba ɗaya, ka danna ya buɗe maka kala da kansa. Wannan gaskiya ne ko shima cikin waƙar ne?

Malam Na Samaru:

Salam. Ni koyarwa nake ba aikin fili ba, amma wannan tambayar ta ƙarshe bari in sa baki dan na daɗe ina bibiyarta.

Burin nan ya girmi wasu da ke cikin zauren nan. Tun 2004 IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da takardar RFC 3945 ta tsarin GMPLS, manufar ita ce rauta ta nemi hanyar haske da kanta kamar yadda take neman hanyar fakitin data a tsarin MPLS, na'urorin haske su amsa mata. A takarda abin gwanin sha'awa, kuma cikin layin kamfani ɗaya ya yi aiki. Tsakanin kamfanoni ne ya ƙi, kuma dalilin ba taurin kai kaɗai bane. Fakiti lamba ne, ya iso ko bai iso ba. Haske kuwa sai ka lissafa hayaniyar kowane amfilifaya da yadda kaloli ke takura juna cikin gilashi kafin ka ce hanya kaza za ta ɗauki kala kaza, kuma kowane kamfani da nasa lissafin da yake ɓoyo kamar sirrin maganin gargajiya.

Da aka ga haka sai aka koma ta sama. Kowane ɓangare ya riƙe kwantirolansa, na rauta daban na haske daban, a ɗora wani babba a kansu yana jin duka biyun, wannan shi ne tsarin ACTN na RFC 8453 da ya fito 2018. Ana magana da na'urori ta yaren NETCONF ko gNMI da tsare-tsaren bayanai na YANG, a gefen rauta galibi tsarin OpenConfig, kwantirolan haske kuma yana bayyana kansa ta ƙofar TAPI. OpenROADM da AT&T ta jagoranta tun 2016 tare da Ciena da Fujitsu da Nokia su sun ma fi zurfi, so suke a buɗe cikin ROADM ɗin kansa. Duk waɗannan suna nan da gaske kuma manyan kamfanoni na amfani da su. Sai dai har yanzu ana jayayya a kan abu ɗaya mai kama da wasa: fulogin nan na wa ne? Jikinsa na cikin rauta, aikinsa na masu haske. Wa ke da ikon canza mashi kala, wa ake tasa da dare in ya yi ja?

A naku yanayin ma tambayar bata taso ba, tunda layin ba naku bane. Ba mai faibar da zai buɗe ma ɗan haya ƙofar kwantirolansa. Kwantirolanku dai lambar wayar injiniyansu ce, ka riƙe shi da kyau ka riƙa gaishe shi ranar Juma'a. Abin da zan ce ka sa a takarda shi ne rautar ta iya fitar da bayanan fulogin ta OpenConfig, ƙarfin haske da kuskure kafin gyara da zafin jiki, ko ba komai ku zana su a allo ku riƙa tura ma masu layin hoto in an fara musu.

Baba Transmishan:

Malam ya gama magana. To yaro tunda 50 GHz ne kuma baku cika 20G, ka sauko ƙasa. 100G mai salon QPSK gudunsa wajen gigabod 30 ne, yana shiga ramin 50 ba matsi, kuma yana jure hayaniya fiye da 16QAM nesa ba kusa ba, wanda shi ne daidai da faibarku mai tabo. Hanya biyu gare ka, ko fulogin OpenZR+ ka sauke shi salon 100G in rautocin biyu na da ramin QSFP-DD kuma sun san salon, ko ƙananan nan na QSFP28 da ake kira 100ZR masu shan wat 5 zuwa 6, su suna shiga ramin 100G na yau da kullum. Amma ka kula su ma akwai tarko, wasunsu gyaran kuskurensu irin na IEEE 802.3ct ne ba oFEC ba, kar ka sa wannan a Zariya wancan a Kaduna. Ni da ni ne ma kai biyun fulogi iri ɗaya zan saya daga hannu ɗaya, in rage ma kaina wurin haɗuwa ɗaya cikin ukun, in bar faɗan ya tsaya tsakanin fulogi da rauta.

Kuma kar ka biya ko kwabo sai an gwada. Dillali ya kawo guda biyu aro, a sa a ainihin rautocin da ainihin manhajar da ke kansu, a kan ainihin layin, a bar shi sati biyu har da ranar da wuta ta yi tsiya. Tsofaffin transfondan kuma kar oga ya yi saurin sayar da su.

Ɗan Kwangila:

Baba an gama, haka za a yi insha Allah. Na duba rautar tamu yanzu ramukan QSFP28 ne da ita guda huɗu, biyu ba komai a ciki, QSFP-DD babu ko ɗaya, kenan da na bi maganar oga har rautar sai mun canza. Gobe zan tura ma mutanen Kaduna su turo min samfurin tasu da bugun manhajarta, in kuma nemi masu layin su rubuto min ƙarfin da suke so kala ta shigo da shi da lambar tashar da za su ba mu. Yaya 'Yar Kongo in ba damuwa zan biyo ki ta akwatin saƙo da jerin fulogin da dillalin ya turo ki duba min wanne rautar tamu ta sani, dan sunayen duk kama suke min.